Gayaunar Wani Ba Taka Ba Ce, Ko da a Cikin Kwamfuta

Ɗana, 

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in tare ka a ofis gaban jama'a, domin maganar ta gyara ce, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kafin komai ina so ka san na ga aikinka, na kuma yaba. Rubutun umarnin nan na Python da ka haɗa, mai tashi da kansa cikin dare ya sauko da hotunan MODIS, ya lissafa koren ciyayi da na amfanin gona, ya ajiye taswira kafin kiran sallar asuba, ya sauke mana nauyin da muka daɗe muna ɗauka da hannu. Allah ya ƙara basira. Abin da ya dame ni shi ne hanyar da ka bi lokacin da manhajar taswira ta GRASS ta ce ba ka da izinin shiga mafset, wato foldar aikin taswira, da ba naka ba.

Mai kula da sabarmu ya nuna mini abin da ya gani, ni ma na zauna na bi sawun da kaina. Da farko ka buɗe izinin babbar foldar bayananmu da chmod, ka ba ta 777 tun daga sama har ƙasa. GRASS ta ƙi. Sai ka sa sudo, ka koma root, mai iko da komai na na'urar. Nan ma ta ƙi. Daga ƙarshe ka samo dogon sunan nan, GRASS_SKIP_MAPSET_OWNER_CHECK, ka ba shi 1, hanya ta buɗe. Amma ba ka waiwaya ka mayar da na farko da na biyu yadda suke ba. Ka bar su ukun a haɗe, ka ƙara da layin da ke goge .gislock duk inda ya tarar da shi, ka damƙa wa cron, mai tashin aiki a kan lokaci, ka tafi gida.

Na san halin da kake ciki a daren. Ana jiran rahoto, wuta na iya ɗaukewa kowane lokaci, ga saƙon hani a kan allo yana ta maimaita kansa. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san zafin wannan. Sai dai da ka ɗan dakata ka tambayi kanka me ya sa manhajar ta ƙi ka har sau biyu, da ka gane abin da take faɗa maka. GRASS ba ta tambayar ko kana iya rubutu a folda. Lambar mai foldar take ɗauka ta gwada da lambar wanda ya zo. In ba ɗaya ba ce, ta hana. Shi ya sa 777 bai yi maka komai ba, shi ya sa root ma, mai lamba 0, aka mai da shi baya. Manhajar da ta hana root shiga wuri, ai ka san da gangan aka gina ta haka.

Waɗanda suka gina ta suna da dalili. A 1982 aka fara GRASS a wata cibiyar binciken gine-gine ta sojojin Amurka da ke Champaign a jihar Ilinoi, don kula da filayen da ke hannun soja. Na'urorin Unix na wancan zamani tsada gare su, guda ɗaya mutane da yawa ke rabawa, kowa da akawun ɗinsa. Halin da muke ciki ke nan a yau: saba ɗaya, hannaye da yawa. Tun 1999 aka saki manhajar kyauta ƙarƙashin lasisin GPL, masu gyara daga ƙasashe daban-daban sun sauya mata abubuwa masu yawa, har sunan lokeshan, wato foldar da ke tattara mafset-mafset, an mayar da shi furojet a fitowa ta 8.4, amma tsarin mafset da dokar mallakarsa suna nan. Abin da ya tsira daga hannun masu gyara sama da shekara arba'in ya cancanci a tsaya a dube shi kafin a kashe shi da layi ɗaya.

Kai ɗan manomi ne, saboda haka ba sai na yi dogon bayani ba. Gida yana da gandu, wanda kowa ke ci daga gare shi, amma mai gida ne ke cewa ga abin da za a shuka, ga ranar da za a buɗe rumbu. Kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa, ya shuka abin da ya ga dama, in ta yi kyau nasa ne, in ta lalace shi za a tambaya. Kana iya bi ta gefen gayaunar ɗan'uwanka ka ga yadda geronsa ya yi, har ka roƙi iri, amma ba ka shiga da garma ka sake masa kunya don kawai kana ganin taka ta fi miƙewa. Mafset ɗin PERMANENT shi ne gandu: a nan bayanin ma'aunin taswira yake, da iyakar yankin aiki ta asali, da taswirorin tushe da kowa ke dogara da su, irin su tsayin ƙasa, koguna, hanyoyi da iyakokin ƙananan hukumomi. Mafset ɗin kowane ma'aikaci kuma gayaunarsa ce. Kowa na karanta na kowa, amma rubutu sai a naka.

Yanzu bari in nuna maka abin da ya faru a mafset ɗin yayarka ta nan ofis mai aikin ambaliya, domin na lura har yanzu kana ganin fayilolin da suka ƙi goguwa su ne kaɗai ɓarnar. Su ne ma mafi sauƙi.

A cikin kowane mafset akwai wani ɗan fayil mai suna WIND. Ka buɗe shi ka gani, rubutu ne zalla, 'yan layuka: arewa, kudu, gabas, yamma, yawan layuka na tsaye da na kwance, da girman kowace ƙwayar hoto. Duk lissafin da za a yi a kan taswirar hoto a wannan mafset, da wannan ɗan fayil ake auna shi. Yayarka ta daidaita nata a kan mita 10, domin da hotunan Sentinel-2 take aiki, tana fitar da gonakin da ruwa ya ci a fadamun Haɗeja. Rubutunka ya shiga mafset ɗinta don ya yi amfani da taswirar gonakin da ta zana, ya kira g.region, ya mayar da ma'aunin mita 250 irin na MODIS, ya gama aikinsa ya fita. Washegari ta zo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Babu gargaɗi, babu saƙon kuskure, domin a wurin GRASS babu abin da ya ɓaci: ta karanta WIND, ta bi abin da ta gani. Idan ma'aunin yanki ya fi na hoto girma, ƙwaya ɗaya take ɗauka, wadda ta fi kusa da tsakiya, ta ce ita ce wakiliyar sauran. Ka yi lissafin da kanka. Ƙwayar mita 250 tana haɗiye ƙwayoyi 625 na mita 10, faɗinta kuma hekta 6.25 ne. Idan wadda aka ɗauka ta faɗa a kan tudu, duk shinkafar da ruwa ya shanye a kewayenta ta ɓace daga lissafi. Idan ta faɗa a cikin ɗan kududdufi, hekta shida da kwata sun zama ambaliya alhali ƙasa a bushe take.

Allah ya sa tana da ido. Da ta ga gefen ruwan ya koma kamar matakala, sai ta tsaya ta duba. Da a ce jimlar hekta kawai ta kwafa ta zuba a rahoto, da ba wanda zai sani. Kuma ka san inda irin waɗannan alkaluma ke zuwa: da su ake zama a ce ƙauye kaza za a kai wa iri da taki, ƙauye kaza a jira. Manomin da ruwa ya ci gonarsa bai san WIND ba, bai san cron ba, ba zai taɓa sanin sunanka ba, amma haƙƙinsa ya biyo ta hannunka a daren nan. Wannan shi ne abin da ya hana ni barin maganar ta wuce.

Haka abin yake da r.mask. Shi ma a mafset yake zama, ba a rubutunka ba. Idan ka sa shi don ka keɓe jiha ɗaya, sannan rubutun ya mutu a tsakiya kafin ya cire, to mai mafset ɗin zai wayi gari duk abin da ke wajen wannan jiha ya zama babu, ya yi ta neman dalili.

Sai batun fayilolin root. Taswirar hoto ɗaya a GRASS ba fayil ɗaya ba ce. A warwatse take cikin foldoji da dama, cell, cellhd, fcell, cats, colr, hist da cell_misc, wani na riƙe da ƙwayoyin, wani ma'auni, wani launi, wani tarihi. Duk abin da rubutunka ya ƙirƙira da sudo, root ne mai shi. Kuma saboda umask na root yawanci 022 ne, sabbin foldojin da ya buɗe sun fito da 755, wato shi kaɗai ke rubutu a cikinsu. Ga yayarka a mafset ɗinta, da sunanta a kan ƙofa, amma akwai kayan da ba ta da ikon kawar da su. Ta kira g.remove, wani sashe ya gogu, wani ya ƙi, aka bar rabin taswira.

Wani abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne r.info. Ka kira shi a kan kowace taswira, zai nuna maka ranar da aka yi ta da sunan akawun ɗin da ya yi ta, fayil ɗin hist kuma yana ajiye umarnin da aka bayar. A zamanin da muke zana taswira da alƙalami a kan takarda mai sheƙi, akwai ɗan akwati a kusurwar ƙasa: wanda ya auna, wanda ya zana, wanda ya duba, da kwanan wata. Ba a fitar da takarda sai an cike shi. Ba don ado ake yi ba. Don idan rigima ta tashi bayan shekara goma a san wanda za a kira ya yi bayani. Taswirorin da rubutunka ya fitar duk root ne a rubuce a wannan wuri. Mutum huɗu ke da sudo a sabar nan. Wa za a tambaya? Aikin da ba a san mai shi ba, ba a iya kare shi, ba a kuma iya gyara shi, kuma kai ma ka cuci kanka, domin aiki mai kyau ka yi aka rasa sunanka a kai.

Game da .gislock ba zan tsawaita ba. Lambar aikin da ke gudana ce a cikinsa, alamar cewa akwai mutum a wannan mafset yanzu. Gaskiya ne idan wuta ta ɗauke ko na'ura ta sandare, yakan rage a banza, shi ya sa ma aka tanadi -f don a cire shi. Amma mutum ne ya kamata ya cire, bayan ya duba ya tabbata ba kowa. Rubutun da ke goge shi ido rufe zai yi daidai sau da yawa, sai ranar da wani ya kwana a ofis yana gyaran taswirar layi. Tun daga GRASS 7, wadda ta fito a 2015, teburan bayanan taswirar layi a fayil ɗaya na SQLite suke zama a kowane mafset, SQLite kuma marubuci ɗaya take karɓa a lokaci guda. In an yi sa'a, ɗayanku ya ga saƙon cewa rumbun a kulle yake. In ba a yi ba, zanen ya shiga, teburinsa bai shiga ba.

Mu dawo kan 777, wanda ka ɗauka bai yi komai ba tunda bai buɗe maka hanya ba. Lambobin nan uku, na farko na mai abu ne, na biyu na rukuninsa, na uku na duk wanda ya rage. Karatu 4, rubutu 2, shiga ko gudanarwa 1. Bakwai ke nan in an haɗa. Ka ba kowa komai: ɗaliban da ke zuwa koyon aiki, akawun ɗin da shafinmu na intanet ke gudana da shi, da duk wanda ya samu kalmar sirrin wani. A cikin abin da ka buɗe har da PROJ_INFO na PERMANENT, fayil ɗin da ke faɗa wa manhaja a kan wane ma'auni lambobinmu suke. Ka san a ƙasar nan muna fama da ma'auni biyu: tsohon na Minna, wanda aka gina a kan Clarke 1880, da WGS 84 da na'urorin GPS ke bayarwa. A shiyyarmu ta 32, ɗaya 26332 ne a lambobin EPSG, ɗaya 32632. Dubi yadda suka yi kama. Gajiyayyen ido ba zai bambanta su ba. Idan aka sauya wannan fayil, lambobin da ke cikin taswirori ba sa motsi, ma'anarsu ce ke sauyawa, kuma tazarar da ke tsakanin ma'aunan biyu ta kai gomman mitoci a ƙasa. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai wuce kusan mita 15 da 30 ba. Wato tazarar ta isa ta ɗauke filin mutum ta ɗora a kan na maƙwabcinsa.

Ba na cewa hakan ya faru. Mun duba, fayil ɗin yana nan yadda yake. Ina faɗa ne domin kai matashi ne, ba a nan za ka dawwama ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filaye na hannun gwamnoni a matsayin amana, kuma yanzu hukumomi suna mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta: Abuja na da AGIS, Kaduna na da KADGIS, Kano na da KANGIS. Masu irin iliminka ake nema a wuraren nan. Wata rana takardar shaidar mallakar gidan marayu za ta dogara da teburin da rubutunka ke taɓawa. Halin da ka saba da shi a kan hotunan ciyayi, shi za ka kai can.

Na san kana da amsa, kuma amsar ba ta banza ba ce. Za ka ce ai masu GRASS ɗin ne da kansu suka tanadi hanyar tsallake binciken, a Windows ma ba a yin sa sam. Haka ne. Akwai inda ake buƙatarta: idan bayanai na kan faifan da ake rabawa ta NFS kuma lambar mutum ɗaya ta bambanta daga wannan na'ura zuwa waccan, ko idan ana aiki cikin Docker inda lambar da ke ciki ba ita ce ta waje ba. A nan mafset naka ne, manhajar ce ta kasa gane ka. Ko a nan ɗin na fi son a daidaita lambobin, ko a faɗa wa Docker da wace lamba zai gudana, amma ba zan yi faɗa da wanda ya tsallake ba. Naka daban ne. Manhajar ta gane ka sarai, ta kuma faɗi gaskiya: wurin ba naka ba ne.

Za ka kuma ce aikin na ofis ne, ba na mutum ɗaya ba, me ya sa za a yi ta kakkafa shinge tsakanin abokan aiki? Wannan ma na ji shi. Amma ka lura, ba a hana ka ganin komai ba. Da ka rubuta sunan taswirar yayarka, ka sa @, ka bi da sunan mafset ɗinta, da ka karanta ta daga inda kake ba tare da ka taka mata komai ba. Ko ka ƙara mafset ɗinta cikin jerin da g.mapsets ke dubawa. In ta rufe nata, da g.access za ta buɗe wa rukuni, shi ma karatu kawai yake bayarwa. Abin da ka sha wahalar nema da ƙarfi, an riga an ba ka shi ta hanya mai sauƙi. Rabawa ta gaskiya ita ce kowa ya amfana da aikin kowa alhali an san wanda ke da alhakin kowane abu. In aka ce komai na kowa ne har da ikon sauyawa, ƙarshenta kowa zai kwashe nasa ya ɓoye a filashi, a koma gidan jiya: kwafi biyar na taswira ɗaya, ba a san wacce ce ta gaskiya ba.

To ga abin da nake so ka yi. Ka je wurin mai kula da saba ya buɗe wa rubutun akawun nasa na kansa, mai suna da ke nuna aikinsa, marar sudo, a sa shi cikin rukunin ma'aikatan taswira. Wannan akawun shi zai mallaki mafset ɗinsa, cron ɗinsa ne zai tashe shi, a can zai ajiye sakamako, mu kuma mu karanta. A rubuta a wuri sananne cewa kai ne mai kula da shi, domin akawun ba ya amsa tambaya, mutum ke amsawa. Tarkacen tsakiyar lissafi kuma kada su zauna: ka tashi GRASS da --tmp-mapset da --exec, ta buɗe mafset na wucin gadi ta share shi in an gama. Idan za ka gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, kowanne da nasa mafset, don kada su yi ta sauya wa juna WIND. Ko a mafset ɗinka ma, ka saba da kiran use_temp_region a farkon rubutu, ma'aunin da ka sauya ya mutu tare da rubutun. Ka kuma rage hannu da --overwrite. Sunaye irin su ruwa, gona, sakamako, kowa na sa su. Ka haɗa naka da kwanan wata.

In sakamako ya nuna ya cancanci zama na kowa, ba rubutunka ne zai kai shi PERMANENT ba. Mai riƙe da PERMANENT zai duba, in ya gamsu ya ɗauka da g.copy. Na san wannan na ƙara kwana ɗaya. Kwana ɗayan nan shi ne lokacin da ido na biyu ke ganin aikin, kuma ban taɓa ganin ofishin da ya yi nadamar ido na biyu ba.

Foldar da muke zuba hotunan da aka sauko da su da rahotanni, wadda dole mutane da yawa su yi rubutu a ciki, ita ma tana da hanyarta ba tare da 777 ba. A ba ta rukuninmu, a sa mata 2775. Lambar 2 ɗin nan ta farko na sa duk sabon abin da aka ƙirƙira a ciki ya gaji rukunin foldar. Rubutunka kuma ya sa umask 002, don abokan rukuni su iya gyara abin da ya ajiye. In ana son tsari mafi daki-daki, akwai setfacl. Duk wannan aikin minti kaɗan ne ga wanda ya sani, kuma mai kula da saba ya sani. Tambayarsa ce ba ka yi ba.

Na ji kana shirin mayar da taswirorin layi cikin PostGIS. Shawara ce mai kyau, domin PostgreSQL an gina ta ne don marubuta da yawa, ba kamar GeoPackage ba, wadda SQLite ce a ƙarƙashinta, ba ta kuma son a yi ta rububinta a faifan rabawa. Amma kada ka ɗauka ka tsere wa maganar. A can ma wanda ya ƙirƙiri tebur shi ne mai shi, kuma jarabar haɗa rubutu da akawun postgres ita ce jarabar sudo da sabuwar riga. Ka yi rukunin masu karatu da na masu rubutu, ka ba da izini da GRANT, ka sa ALTER DEFAULT PRIVILEGES don teburan da za a haifa gobe su zo da izininsu. Masu PostgreSQL da kansu, a fitowa ta 15 a 2022, sun janye ikon da kowa ke da shi na ƙirƙirar tebur a sashen public. Duniyar sana'ar ƙara ɗaure ƙofa take yi, ba sassautawa ba. Kalmar sirri kuma kada ta kwana a cikin rubutun da kake turawa Git.

Saura gyaran abin da ya riga ya ɓaci, kuma a nan ina roƙonka kada ka yi gaggawa irin ta farko. Kada ka ɗauki chown ka bi ta kan komai da -R. In ka yi haka ka mayar da mafset ɗin kowa na mutum ɗaya, GRASS ta kori sauran duka. Ka tsayar da cron tukuna. Sannan ku zauna da mai kula da saba, ku sa find ya lissafo duk abin da root ya mallaka a ƙarƙashin foldar bayanai, ku bi mafset bayan mafset, kowanne a mayar wa mai shi. Izini ma ba lamba ɗaya za a shafa wa komai ba. Folda na buƙatar ikon shiga, fayil ba ya buƙata. Ku gwada PERMANENT da ajiyar da aka yi kafin ranar da ka buɗe shi, fayil da fayil.

Amma kafin ka taɓa na'ura, ka fara zuwa wurin yayarka. Ta riga ta san abin da ya faru, ba ta kuma kai ƙararka ko'ina ba. Ni ta tambaya ko ita ce ta yi kuskure, ta kwana biyu tana zargin kanta. Ka same ta, ka ba ta haƙuri, kada ka fake da cewa manhaja ce. Ka tafi mata da abin da zai amfane ta: ranar da rubutun ya fara shiga mafset ɗinta, da sunayen duk taswirorin da ya taɓa. Da wannan za ta san lissafin da za ta sake da wanda za ta bari, domin akwai rahoto ɗaya da ta riga ta miƙa a tsakanin, tana buƙatar sanin ko za ta janye shi. Sauran abokan aikin ma ka sanar da su a taron Litinin, a taƙaice, kowa ya buɗe WIND ɗinsa ya duba, ya kuma tabbata babu r.mask da aka bar masa.

In ka gama sabon rubutun, kawo mini kafin ka mayar da shi kan cron, mu karanta shi tare layi-layi. Ka gaida mahaifinka.